Tana Tashi Tana Mutuwa: Aikin Kanikawan Ƙafin Maiyaki

Cikin duk ƙorafin da direba ke kai wa bakanike, babu mai cin rai kamar na motar da za a yi wa ki ta tashi lafiya lau, kafin a je ko'ina ta mutu. Wadda ta ƙi tashi gaba ɗaya ta hutar da mai ita, ya san yau babu tafiya, sai ya nemi wata dabara. Amma mai tashi tana mutuwa ita ke sa a yi lodi, a karɓi kuɗin fasinja, a bar tasha, sannan ta ɗauke a inda ba gida gaba ba gida baya. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gwamma ƙin tashi.

A Ƙafin Maiyaki an san nauyin wannan magana. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Kiru, a kan titin da ya rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ya faɗa Saminaka, ya haura Jos. Masara da shinkafa da rake na wannan yanki ta nan suke bi zuwa birni, dankalin Turawa da kabejin Filato ma ta nan suke gangarowa. Golf da Sharan da Hiace da tsofaffin J5 da Canter ba sa yankewa a kan titin. Direban da ya ji motarsa ta yi tari a nan, in dai mai lura ne, ba zai shiga Falgore bai nuna ta ba, domin dajin dogo ne, kuma babu mai son buɗe bonet a cikinsa da magariba. Wannan fargaba tana cikin abin da ke ciyar da kanikawan bakin titi tun daga Kwanar Dangora har Tudun Wada.

Garejin kansa rumfar kwano ce ko inuwar darbejiya, da benci guda, da ƙasar da baƙin mai ya rina shekara da shekaru. Jarin oga yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo: sifanu, filaya, sukundireba, guduma, jak, tsohon buroshin haƙori na wanke ƙananan kaya, da ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya don gwada wuta. Wanda ya ɗan samu yakan ƙara da mita, da agogon auna ƙarfin mai, da 'yar kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Sauran jarin kuwa a kunnensa yake da ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ne ya fi wuyar tarawa.

Da tambaya ake fara aikin, tun ba a ɗauki sifana ba. Direba zai ce, "Oga, tana tashi amma ba ta zama." Oga ba ya gaggawa. "Tun yaushe? Da sassafe take yi ko sai ta ɗau zafi? In ka taka totur tana riƙewa? A ina ka sha mai na ƙarshe? Wa ya taɓa ta kafin ni?" A wannan ta ƙarshen ake yawan samun kwana-kwana, don ba kowane direba ke son a san ya biya ta wani garejin ba. Sai oga ya ce, "To, yi mata ki mu ji," shi kuma ya tsaya gefen injin ya kasa kunne.

Abin da yake saurare yana da tsari. Injin fetur abu uku yake buƙata: mai, iska da wuta, kowanne a kan lokacinsa da gwargwadonsa, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi. Tunda motar ta tashi, ke nan ukun sun hallara da farko, daga baya ɗaya ya janye. Saboda haka tsawon lokacin da ta yi kafin ta mutu, da yadda ta mutun, su ne shaida ta farko.

In ta tashi garau, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ta yanke tamkar an kashe ta da hannu, babu tari babu rawa, zargi yakan faɗa kan tsaron makulli. Tun 1998 Jamus ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana injin ci gaba da aiki in bai gane makullinsa ba, kuma da yawa daga motocin Beljiyam da ke yawo a titunanmu suna ɗauke da ita. Makullin da aka yanko a kasuwa babu ɗan ƙwayar da ke cikin na asali zai buɗe ƙofa, zai murɗa, amma motar ba za ta zauna ba. In kuwa ta yi rabin minti tana raguwa, tana karkarwa, sannan ta sulale, wannan yunwar mai ce. In tana riƙewa muddin ƙafa na kan totur, da an ɗaga ta mutu, to silo ne ya lalace. Mafi ɓacin rai ita ce wadda za ta yi minti 15 ko 20 lafiya, sai ta ɗau zafi ta ɗauke, ta ƙi tashi sai ta huce. A nan ana duba koyil, da sansar da ke ƙirga juyin kiranshaf, da famfon mai da ya tsufa. Irin wannan motar ce ke ƙaryata mai ita: a gaban oga ta yi ta aiki kamar ba ita ba, sai an wuce Tudun Wada ta nuna halinta.

Ɗauki misalin Golf da aka turo da kaka, buhunan masara har sun danne bayanta. An yi ki ta tashi, ta yi 'yan daƙiƙu tana rawa, ta mutu. Oga ya sa yaro ya durƙusa wajen bakin tanki, shi kuma ya murɗa makulli rabi ba tare da ya tayar ba. Lafiyayyen famfo yakan yi ɗan kuka na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. "Ka ji?" "Na ji, Oga, amma a shaƙe." Sai oga ya zare tiyon iska, ya ɗiga fetur kaɗan a maƙogwaron injin da murfin gora, ya ja baya, aka sake ki. Ta tashi sarai, ta cinye abin da aka ba ta, ta mutu. Magana ta fito: wuta lafiya, iska lafiya, mai ne ba ya isowa. Nan take direba ya ce a sauya famfo kawai, rana na yi. Oga bai tanka ba. Ya kwance tiyon mai, ya tari abin da ke fitowa a farar gora, ya ajiye a kan benci. Kafin a gama sauke buhuna abin ya rabu gida biyu, fetur a sama, ruwa mai laka ya kwanta a ƙasa. Ya ciro filta ya kifa ta a tafin hannu, sai ga tsatsa jajir. Aka sauke tanki aka wanke, aka sa sabuwar filta, famfon da aka so a jefar ya ci gaba da aikinsa.

Matsalar mai ta ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma dalilinta a fili yake. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Direban haya da a da yake cika tanki ya koma shan na tafiya ɗaya. Famfon motar injekta kuwa a cikin tanki yake zaune, man da ya lulluɓe shi ne ke sanyaya shi. In kullum allura na kan ja, famfo zai riƙa zafi, yana kuma zuƙo dattin da ya kwanta a gindi. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, wanda a ƙauyukan da ke nesa da gidan mai ba a da zaɓi sai shi: jarka ɗaya mai ɗigon ruwa ta isa ta kwantar da mota. Wani lokacin ma daga sama laifin yake. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da kima, motoci da dama suka lalace, aka yi makonni ana layi.

Ɓangaren iska ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Motar da ke shiga ƙauyukan Kiru da Bebeji da Doguwa ɗauko amfanin gona jar ƙasa take sha, da hunturu kuma abin ya ninka. Filtar iska in ta toshe, wasu cire ta suke yi su yar, ƙura ta samu hanya ta haɗu da tururin baƙin mai ta daskare a bakin totur. Ɗan ramin da iska ke bi lokacin da ƙafa ba ta kan totur sai ya cushe, injin da ya kamata ya zauna a wajen juyi 800 a minti ya kasa. Maganinsa wanki ne da fetur da buroshi, aikin da ba ya cin kuɗin kaya ko kaɗan. Kishiyar wannan ita ce tiyon da rana ta busar ya tsage, iskar da ba a ƙirga ba ta riƙa kutsawa. Oga yakan bi tiyoyin da yatsa yana sauraron ɗan shiii, inda ya danna injin ya daidaita, nan ne. Akwai ma wadda laifinta hanyar numfashin tanki ce ta toshe. Duk wanda ya taɓa rufe bakin buta da tafin hannu ya ga ruwa ya ƙi fita ta hanci ya san abin. Da an buɗe murfin tanki za a ji ya ja iska, mota ta tashi ta zauna.

Wuta kuwa a jikin fulogi ake karanta labarinta. In an ciro shi a bushe, mai bai zo ba. In a jiƙe yake yana warin fetur, mai ya zo wuta ce ba ta zo ba. In ya yi baƙi ƙirin da toka, man ya yi wa iskar yawa, sau da yawa saboda sansar zafin ruwa tana gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa injin na da sanyi alhali ya yi zafi. Mai mita yakan ɗora ta a kan batir: wajen bolt 12.6 a kashe, kusan 14 in injin na aiki. In bai hau ba, caji ya mutu, motar batir kawai take ci, tana cinye shi za ta tsaya. Daga nan aiki yakan koma hannun mai wayarin, wanda galibi rumfarsa na maƙwabtaka. Bakaniken da ya san iyakarsa ba ya jin kunyar kiransa, a raba ladan.

Dattawan sana'ar a kan Peugeot 504 suka koya, motar da ta cika titunan Arewa bayan kamfanin Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. A zamaninta komai a ido yake: famfon mai a jikin injin, kafireta da za a kwance a busa ƙananan ramukanta, kwantak da za a goge a daidaita. Da motocin injekta suka shigo, kanikawa da yawa sun ga abin ya fi ƙarfinsu, har ya zama al'ada in Golf ta dami mutum a cire mata injekta a ɗora kafireta. Tana tafiya, amma takan ƙara shan mai, kuma yau shan mai ba abin wasa ba ne. Matasa sun ɗauki wata hanyar. Tun da Amurka ta wajabta mahaɗar bincike iri ɗaya a 1996, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur, ƙaramar na'ura da wayar hannu sun isa su fito da lambar ciwo. Sai dai tsofaffin Golf ba kowace kwamfuta ke karanta su ba, kuma lamba ba ta yanke hukunci. In ta nuna P0335, layin sansar kiranshaf take nufi, wanda zai iya zama sansar, zai iya zama wayarta. Motar da ke kwana da hatsi ba ta rabuwa da ɓera, ɓera kuwa yana son waya. An sha sayen sabuwar sansa alhali ɗan inci guda na waya ne aka gwaguye.

In bincike ya tabbatar sai an sayi kaya, ƙananan abubuwa kamar fulogi da filta da fiyus ana samu a shagunan kusa. Famfo mai kyau, koyil, sansa ko ƙwaƙwalwa sai Kano, galibi kasuwar Ƙofar Ruwa. A da oga ko babban yaronsa ne zai kashe yini guda a hanya. Yanzu hoton tsohon ake ɗauka a tura ta WhatsApp, a yi ciniki ta waya, a tura kuɗi, a ba direban haya saƙon. Kayan hawa uku ne: sabo na asali mai tsada, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai araha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Kanikawa da yawa sun fi yarda da na Beljiyam, da sharaɗin in bai yi ba a mayar. Duka daga waje suke zuwa, don haka dala ke yi musu farashi. Da ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kowane kuskure na sayen abin da ba shi ne ya lalace ba ya zama asara mai zafi. Filta ita ce mafi sauƙi, famfo ya ninka ta sau da yawa, ƙwaƙwalwa da makullinta kuwa za su iya cinye abin da direba ya tara a makonni.

A wajen biya ne sana'ar ke da ƙaiƙayi. Babu farashi a rubuce, ciniki ne. Mai mota da ya ga an sauke giyabos ko an buɗe injin, gumi na zuba, ba ya musun kuɗin aiki. Amma oga da ya kashe awa uku yana bin layi ɗaya bayan ɗaya har ya gano tsagaggen tiyo, ya yanke ya mayar, shi za a ce wa, "Haba Oga, ɗan wannan?" Alhali awa ukun nan su ne aikin, kuma su suka hana a sayi famfo da koyil a banza. Tsarin biyan da kansa yana tura mutum ga son zuciya, domin wanda ya ce a sauya wannan, in bai yi ba a sauya wancan, yana samun ladan ɗaurawa sau uku, wataƙila da ɗan abin da mai shago zai sam masa. Akwai kuma gajerun hanyoyi: a ɗaga silo ya yi sama don a ɓoye ciwon, ko a haɗa famfo kai tsaye da makulli a tsallake fiyus. Motar za ta bar gareji tana aiki, amma ta farkon za ta riƙa ɓarnar mai, ta biyun kuma ranar da waya ta haɗu gobara ce.

Samun ma ba ya tafiya daidai. Da kaka da ranakun kasuwa aiki har ya yi yawa, da damina ta yi nisa, lokacin da kuɗin kowa ya shige gona da taki, sai a yini ana hira. Rabin abokan ciniki direbobin haya ne da aka saba da su, kuma kalmarsu ɗaya ce: "Sai na dawo daga Jos." Wasu suna dawowa da kuɗin, wasu sai motar ta sake lalacewa. Daga abin da ya shigo za a ba yara na abinci, a mayar da sifanar da ta ɓata, a biya kuɗin ƙungiya, a kai cefane gida. Shi ya sa da wuya ka samu bakanike a wannan yanki da ba ya noma.

Yaro kan shigo hannun oga ta hanyar mahaifinsa ko kawunsa, sau da yawa yana haɗawa da makaranta. Shekarar farko wankin noti ne da miƙo kaya, har ya san lamba da ido: motar Jamus 10 da 13 da 17 take so, ta Japan 10 da 12 da 14. Sannan a bar shi ya sauya baƙin mai, ya ɗaure birki, ya wanke totur. Gano ciwo shi ne darasi na ƙarshe, kuma ba a koyar da shi da baki sosai. Oga zai yi ki, mota ta mutu, ya juyo ya ce, "Kai, me ka ji?" Ranar da amsar yaro ta fara dacewa da abin da aka tarar, an kusa maganar yaye shi.

Wahalar jiki kuwa ba a cika faɗarta ba. Ana zuƙo fetur da baki don a jawo shi ta tiyo, ana wanke hannu da shi har fata ta tsattsage. Gwajin ɗiga mai a maƙogwaron injin in ya yi tartsatsi yakan lashe gira, kuma ba kowane gareji ke da abin kashe wuta ba, sai bokitin yashi. Ga kwanciya ƙarƙashin motar da jak da dutse kaɗai ke riƙe da ita, ga kiran dare in mota ta mutu a hanya, a hau babur da tocila da batir a cinya. Filin da ake aikin ma galibi aro ne, ranar da mai shi ya tashi gini sai a kwashe akwati a nemi wata inuwar.

Duk da haka akwai masu riƙe sana'ar da gaskiya, masu farawa daga abu mai araha kafin mai tsada, waɗanda ba sa cewa a sayo sai sun gwada sun tabbatar. Ladansu ba ya zuwa a ranar, a tasha yake zuwa, inda direbobi ke gaya wa juna wanda ya gano abin da ya gagari gareji uku. Masu mota ma suna da nasu rabon a gyaran lamarin. Wanda ke son bakanike ya daina yi masa canki-canka da kuɗinsa, sai ya faɗi gaskiyar inda ya sha mai da wanda ya taɓa motar, ya yi haƙuri a gama bincike, sannan ya biya awannin neman da daraja, ko da abin da aka samu a ƙarshe guntun tiyo ne.